Arthur Coningham, Matuƙin Da Ya Fara Kawo Jirgin Sama Kano (1895–1948)

'Yan'uwa, mu mazauna Samaru da Sabon Gari mun saba da ƙugin jirgin sama kamar yadda kakanninmu suka saba da usur ɗin jirgin ƙasa. Tun shekarar 1964, sa'ad da aka kafa makarantar koyon tuƙin jiragen sama a Zariya, a filin da ke tsakanin unguwannin nan namu biyu, ƙananan jirage suke kewayawa bisa rufin gidajenmu, har ya zama yaranmu ba su cika ɗaga kai su duba ba. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san sunan mutumin da ya fara sauko da jirgin sama a Kano. Sunansa Arthur Coningham. Matuƙin jirgin yaƙi ne, ya sauka Kano a shekarar 1925, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan shugabannin mayaƙan sama a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila.

Mun ga ya kamata mu kawo muku tarihinsa domin dalilai biyu. Na fari, hanyar da ya bi zuwa Kano ita ce daga baya ta zama jijiyar da ta riƙe yaƙin Arewacin Afirka, da guminmu a cikinta. Na biyu kuwa, rayuwarsa daga farko har ƙarshe labari ne na abin da aka raina ya zo ya yi amfani: yaron da aka raina, jiragen da aka raina, da tafiyar da aka ɗauka atisaye ce kawai.

Gidan da ya fito

An haifi Arthur Coningham ran 19 ga Janairu, 1895, a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya. Sunan mahaifinsa aka sa masa. Uban sananne ne a wasan kurket, har ya taɓa wakiltar ƙasarsa sau ɗaya, amma mutum ne marar riƙon amana a sha'anin kuɗi. A shekarar 1900 ya shigar da ƙara a kotun birnin Sidni yana neman a raba aurensa, yana zargin matarsa da wani firist na Katolika, Fada Denis O'Haran, sakataren Kadinal Moran, yana kuma neman diyyar fam 5,000. Shari'ar ta girgiza ƙasar, ta hura wutar gaba tsakanin Katolika da sauran Kirista. A zaman farko masu taya alƙali hukunci suka kasa daidaita bakinsu. A zama na biyu, a shekarar 1901, kotu ta wanke Fada O'Haran.

Bayan wannan abin kunya iyalin suka ƙaura zuwa Niyu Zilan. Can ma uban bai natsu ba. An ɗaure shi wata shida saboda zamba, a shekarar 1912 kuma auren ya mutu. Yaron yana da shekara shida sa'ad da sunan gidansu ya cika jaridu, ya girma yana ɗauke da sunan da mutane ke faɗa da murmushin ba'a. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake nuna ɗan ɓarawo da baki a unguwa ya san nauyin wannan kaya. Annabi Ezekiyel ya koya mana a sura ta 18 cewa ba a ɗora wa ɗa alhakin ubansa, amma mu 'yan Adam mun fi saurin ɗorawa da saukewa.

Yaron ya ci jarrabawar samun tallafi ya shiga Kwalejin Wellington. Bai yi fice a karatu ba. Ya fi gwaninta a hawan doki da harbi. Da ya bar makaranta sai ya shiga aikin gona. Waɗanda suka yi aiki tare da shi daga baya sun shaide shi da cewa ba ya shan taba, da wuya ya kusanci giya, ba ya kuma son zagi a gabansa.

Jiragen katako da yadi

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Coningham ya shiga soja. Aka kai shi tsibirin Samowa, daga nan aka kai shi Masar. Zazzaɓin taifot ya kama shi ya kayar da shi, har a 1916 hukumar soja ta sallame shi a kan cewa ba shi da sauran lafiyar yaƙi. Da wani ne, da ya koma gona ya gode Allah. Shi kuwa ya biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsa zuwa Ingila, ya nemi shiga rundunar mayaƙan sama, aka karɓe shi. A watan Disamba na wannan shekara ya isa fagen fama a Faransa, cikin rukuni na 32. Abokansa suka laƙaba masa sunan Maori, wato ƙabilar asali ta Niyu Zilan, bakin sojoji ya lanƙwasa shi ya koma Mary, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen ransa.

Yana da kyau mu fahimci irin jiragen wancan zamani. Da katako da waya ake ƙera su, a lulluɓe su da yadi, fukafukai hawa biyu. Matuƙi yana zaune a fili cikin sanyi, ba a kuma ba shi laimar tsira ba. Babbar matsalar maƙera ita ce inda za a sa bindiga, gama idan farfela tana gaba, harsashin matuƙi zai sare farfelar jirginsa. A 1915 Jamusawa suka fito da na'urar kamfanin Fokker mai daidaita fitar harsashi da juyawar farfela. Kafin Ingilishi su samu irinta, maƙerinsu Geoffrey de Havilland ya bi ta wata hanya: ya mai da inji da farfela bayan matuƙi, ya bar gaba a buɗe domin bindiga. Wannan jirgi, DH.2, shi Coningham ya fara yaƙi da shi, a lokacin da sababbin jiragen Jamus suka riga suka fi shi gudu.

Bayansa aka ba su DH.5, wanda aka ja fiffikensa na sama baya domin matuƙi ya ga gabansa sosai. Jirgin bai yi kyau a can ƙololuwar sama ba, saboda haka aka mai da shi ga kai hari ƙasa-ƙasa a kan ramukan abokan gaba. A nan Coningham ya fara koyon darasin da ya riƙe duk rayuwarsa, wato jirgin da ya gaza a aikin da aka ƙera shi dominsa yana iya zama gwani a wani aikin. A 1918, yana da shekara 23, aka ba shi shugabancin rukuni na 92 mai jiragen SE5a, masu ƙarfi da gudu. An ji masa rauni sau biyu, an lasafta masa nasara 14 a faɗan sama, ya fito daga yaƙin da lambobin girma uku.

Daga Alƙahira zuwa Kano

Bayan yaƙi ya ci gaba da aikin sojan sama. A farkon shekarun 1920 ya yi aiki a arewacin Iraƙi da jiragen DH.9A. Ba za mu ɓoye ba, aikin da mayaƙan saman Ingila suka yi a Iraƙi a wancan lokaci aikin mulkin mallaka ne, har da jefa bom a kan ƙauyukan da suka ƙi biyayya, talakawa kuwa suka ɗanɗana kuɗarsa. Wannan ma yana cikin tarihin mutumin, da na jirgin da ya zo mana da shi.

Yana Masar aka ɗora masa wani aiki da ba a taɓa yi ba: ya ja jirage uku daga bakin kogin Nilu har Nijeriya ya komo. Ran 27 ga Oktoba, 1925, jiragen DH.9A uku na rukuni na 47 suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira. Kowanne mai mutum biyu ne, da inji ɗaya mai ƙarfin doki 400. Suka bi Nilu zuwa Hartum, suka juya yamma ta El Fasher a ƙasar Darfur, suka ratsa Cadi ta birnin da a lokacin ake kira Fort Lamy, Injamena ta yau, suka shigo ta Maiduguri. Kusan hanyar da alhazanmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi a ƙafa da bisa jakuna ke nan zuwa gabas, su kuwa suka biyo ta ta sama zuwa yamma. Da taswira da kamfas da ido suke gane hanya. Man da za su sha sai da aka riga aka kai shi zango-zango ta ƙasa, filayen da za su sauka kuwa mutanen garuruwan ne suka share su da hannu.

Ran Lahadi, 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen uku suka sauka a filin sukuwar dawaki na Kano. Tafiyar da ayari ke yi cikin watanni, sun yi ta cikin kwana shida. Shekara 14 ke nan kacal da isowar layin dogo Zariya da Kano, layin da ya haifi Sabon Garinmu. Ran 12 ga wata suka kama hanyar komawa, ran 19 suka isa Helwan, bayan sun yi tafiyar mil wajen 6,500 cikin awa 80 a sama, jiragen uku duka lafiya. Aka ba Coningham lambar girma, aka rubuta rahoto aka ajiye. A idon mutane da yawa gwaji ne kawai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano bisa wannan hanya. A shekarar 2025 aka cika shekara 100 da saukar.

Ranar da hanyar ta yi rana

A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sojojinta da ke Masar suna bukatar jiragen yaƙi, kewayen Afirka ta kudu kuwa yana cin makonni masu yawa. Sai aka tuna da hanyar Kano. Ran 26 ga Agusta, 1940, Gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan ƙasar Giyana ta Faransa, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, wannan ya buɗe sararin Cadi. Nijar kuwa, maƙwabciyarmu, ta zauna a hannun gwamnatin Vichy mai bin Jamus har ƙarshen 1942, saboda haka matuƙin da ya karkata arewa kaɗan daga Kano yana iya faɗawa hannun da ba na abokai ba.

Ga yadda aka tsara abin. Ana kawo jiragen a wargaje cikin manyan akwatuna ta teku zuwa tashar Takoradi a ƙasar Gana ta yau. Can makanikai su harhaɗa su, a gwada su, sa'an nan su tashi ayari-ayari: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Geneina, El Fasher, Hartum, har Masar, tafiyar sama da mil 3,500. Babban jirgi mai ɗauke da masanin hanya ne ke gaba, ƙananan suna biye da shi kamar 'yan tsaki. Ayarin farko, Blenheim ɗaya da Hurricane shida, ya tashi ran 20 ga Satumba, 1940. Daga nan zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi ta wannan hanya. Hazo da ƙurar hunturu da hadarin damina sun ci waɗansu, waɗanda suka isa ma sau da yawa sai an sake duba injinsu kafin su shiga faɗa.

Ƙasarmu ba kallo kawai ta yi ba. Leburori ne suka faɗaɗa filayen Kano da Maiduguri, suka gangara da gangunan mai. An tara kuɗin taimakon yaƙi a lardunan Nijeriya, har aka sa wa rukuni na 91 na mayaƙan saman Ingila, mai jiragen Spitfire, sunan Nijeriya. An matsa wa manoma su ƙara gyaɗa, an kwashi mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, samari kuma suka tafi Habasha da Bama. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ita ke kai wa jama'a labarin yaƙin da Hausa.

Yaƙin hamada

A watan Yuli na 1941 aka kira Coningham daga Ingila zuwa Masar, aka danƙa masa mayaƙan saman hamada. Haka ya zama mutumin da ya fara bin hanyar Kano shi ne ke tsaye a ƙarshenta yana karɓar jiragen da take kawowa.

Yawancin abin da ya samu ba jiragen sahun gaba ba ne. Hurricane, wanda Sydney Camm ya tsara, ya fara tashi a 1935, ginin tsohon yayi ne: ƙashin bututun ƙarfe, rabin jikinsa na baya a lulluɓe da yadi. Spitfire na R. J. Mitchell, mai jikin ƙarfe sumul, ya fi shi gudu da kyan gani, amma an riƙe shi domin tsaron Ingila, bai iso hamada ba sai a 1942. Kittyhawk na Amurka kuma injinsa yana yin kasala idan ya hau sama sosai. Messerschmitt 109 na Jamus ya fi su duka biyu hawa. Bugu da ƙari, rairayi yana cinye inji, sai da aka liƙa wa jiragen wata babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci, ita ma ta rage musu gudu.

Coningham ya dubi abin da jiragen za su iya. Hurricane yana da faɗin ƙafafu, yana sauka a kan tsakuwa ba ya tuntsurewa. Harsashi yakan ratsa yadinsa ya wuce, makanike ya yi masa faci a cikin tanti. Kittyhawk jirgi ne mai jimiri da duka. Sai aka rataya musu bom, suka zama masu yin aiki biyu: su kai hari ƙasa, su kuma kare kansu a sama. Waɗansu Hurricane aka ɗaura musu manyan bindigogi biyu masu bakin milimita 40 domin fasa tankokin yaƙi. Ya kuma raba ma'aikatan ƙasa na kowane rukuni kashi biyu, kashi ɗaya na gaba yana shirya sabon fili, ɗayan yana riƙe da tsohon, domin kada jirage su rasa masauki ko ana ci gaba ko ana ja da baya. Tantinsa kuwa a gefen na kwamandan sojan ƙasa yake kafa shi.

A tsakiyar 1942, sa'ad da Janar Rommel ya kori sojojin Ingila daga Gazala har El Alamein, jiragen Coningham ne suka yi musu rumfa har suka tsira. A Oktoba da Nuwamba na wannan shekara aka yi babban karon El Alamein, aka karya lagon Rommel, Sarkin Ingila ya ba Coningham sarautar Sir.

Koyarwarsa a taƙaice ita ce: kada a rarraba jirage ga kowane kwamandan ƙasa kamar rabon goro, a tara su a hannu ɗaya. A fara da mallakar sararin sama, sa'an nan a yanke hanyoyin abinci da mai na abokin gaba, bayan haka a taimaki soja a bakin daga. Ya bayyana wannan a taron hafsoshi a Tarabulus a watan Fabrairu na 1943, a watan Yuli kuma sojan Amurka ya shigar da ita cikin littafin ƙa'idodinsa.

Rauninsa

Ba mu kawo muku tarihin waliyyi ba. Coningham mutum ne mai zafin kishin sunansa, wataƙila kuwa wanda ya tashi da tabon suna ba ya rasa wannan. Ya ga Janar Montgomery yana kwashe yabon El Alamein shi kaɗai, abin ya tsaya masa a rai, abotarsu ta koma gaba wadda ba ta warke ba har ƙarshen yaƙi, ta kuma wahalar da waɗanda ke aiki a ƙarƙashinsu. A watan Afrilu na 1943, da Janar Patton na Amurka ya yi ƙorafin cewa jirage ba su kare sojojinsa, Coningham ya mayar da amsa mai kaifi wadda ta taɓa mutuncin sojojin Amurka. Shugabansa, Tedder, ya sa shi ya janye maganar, ya tafi da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Ya je kuwa.

A Janairu na 1944 aka mai da shi Ingila ya shugabanci rundunar saman da ta raka sojojin taron dangi zuwa Normandi a watan Yuni. Nan ma ya tarar da wani jirgin da aka kusa yar da shi. Typhoon, shi ma na Sydney Camm, an ƙera shi domin farautar jirage a sama, amma kaurin fiffikensa da rigimar injinsa suka hana shi. Da aka ɗaura masa roka takwas aka sauko da shi ƙasa-ƙasa, sai ya zama dodon ayarin motocin Jamus, musamman a Falaise a watan Agusta. Kada dai mu manta, a ƙarƙashin kowace roka akwai 'ya'yan mutane, har da farar hula na Faransa da Beljiyam da Holan waɗanda yaƙi ya tarar a gidajensu.

Ƙarshensa

A 1947 ya yi ritaya bisa ga roƙonsa. A ƙarshen Janairu na 1948 ya shiga wani jirgin fasinja mai suna Star Tiger daga Ingila zuwa tsibirin Bamuda. Jirgin ya yada zango a tsibiran Azores, ya tashi cikin iska mai ƙarfi da mutum 31 a ciki. Da asubahin 30 ga Janairu aka ji muryarsa ta ƙarshe a rediyo. An yi kwanaki ana nema a Tekun Atlantika, ba a ga ko tsinke ba, kwamitin bincike kuma bai gano dalili ba. Mutumin da ya ratsa Afirka da jirgin katako, ya tsira daga yaƙin duniya biyu, ya ɓace yana zaune a kujerar fasinja, yana da shekara 53. A wannan rana ce aka kashe Mahatma Gandhi a Indiya, a ranar ce kuma Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903, ya rasu a Amurka. Labarin Coningham ya shige inuwar nasu.

Waɗanda suka rubuta da waɗanda ba su rubuta ba

Matuƙan jiragen yaƙi sun bar littattafan tarihin rayuwarsu masu yawa. Cecil Lewis, wanda ya tuƙa irin jirgin SE5 a yaƙin farko, ya fitar da Sagittarius Rising a 1936. Neville Duke, wanda aka harbo sau biyu cikin 'yan kwanaki a hamada a ƙarshen 1941, ya rubuta Test Pilot a 1953. Bafaranshe Pierre Clostermann ya fitar da Le Grand Cirque a 1948, Johnnie Johnson kuma Wing Leader a 1956. Ukun nan na ƙarshe duka sun yi yaƙi a ƙarƙashin Coningham. Littattafan suna da daraja, gama daga bakin matuƙi ake sanin abin da zanen maƙeri ba ya faɗa: yadda jirgi ke juyawa, inda yake makanta, irin tsoron da ke kama saurayi ɗan shekara 20 sa'ad da ya ga kujerar abokinsa ba kowa a wurin cin abinci.

Amma matuƙi abin da ya hango daga kujerarsa yake rubutawa. Ba ya ganin wanda ya sauke akwati a Takoradi, ko wanda ya cire kututture a filin Kano. Montgomery ya fitar da nasa littafin a 1958, Tedder a 1966, kowa ya gyara zaman rawaninsa. Coningham bai samu wannan dama ba. Teku ta riga alƙalami. Sai a 1990 masanin tarihi Vincent Orange ya rubuta cikakken tarihinsa, sa'an nan mutane suka sake tunawa da shi.

In har babban hafsa mai sarautar Sir zai yi shekara 42 yana jiran wanda zai rubuta shi, ina ga kakanninmu da suka yi dakon mai, suka noma gyaɗar yaƙi, suka tafi Bama? Kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Amma 'ya'yansu suna nan a cikinmu, a Samaru da Sabon Gari da ƙauyukan kewaye, da labaran da suka ji a bakin iyayensu, waɗansu ma da tsohuwar lamba ko takardar sallama a ƙasan akwati. Muna roƙon matasanmu, musamman ɗaliban makarantun garin nan, su zauna gaban tsofaffin gidajensu da takarda da biro, su rubuta suna da gari da shekara, tun kafin masu faɗa su ƙare.

Muna kuma roƙon iyaye da malamai su dubi yaron da ake nunawa da baki saboda laifin ubansa, da wanda aka ce ba shi da amfani domin ya faɗi a wuri ɗaya. A nema masa aikin da ya dace da ƙirarsa, kamar yadda Coningham ya yi wa jiragensa.

Allah ya ji ƙan dukan waɗanda yaƙi ya ci, na kowane gefe, da waɗanda teku da hamada suka riƙe ba kabari. Ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.